Ko Ka Sani? Dalilin da Ya Sa Ake Ba Ɗan Koyo Allon Hawan Teku Mafi Girma

A garin Busua, can bakin teku a yammacin Ghana, gaba kaɗan da Takoradi, akwai shagunan da ke ba da hayar alluna ga masu son koyon hawan igiyar ruwa. Baƙon da ya zo koyo, yawanci idonsa kan tsaya ne a kan ɗan ƙaramin allon nan mai tsinin baki da ya saba gani a bidiyo. Mai koyarwa kuwa ba zai ba shi ba. Sai ya jawo masa wani zungureren allo mai kauri da laushi, wanda tsawonsa ya kai mita 2 da rabi ko ma fiye, ya ce ga naka. Ba raini ba ne. Lissafi ne, kuma lissafin yana da daɗin ji.

Wannan allo abin hawa ne da ba shi da inji, ba shi da birki, ba shi da sitiyari. Aikinsa na farko shi ne ya ɗauke nauyin mai shi a kan ruwa, shi ya sa maƙeran zamani suke rubuta girmansa da lita. Duk lita 1 ta ruwan da allo ya ture tana ɗauke nauyin kusan kilo 1. Allon ƙwararru kan tsaya tsakanin lita 25 zuwa 30, na ɗan koyo kuwa yakan kai lita 70 zuwa 90. To, ka ɗauki mutum mai kilo 70 ka kwantar a kan allon lita 28: shi da allon duka sai su nutse rabi da rabi, yana ta jan ruwa da hannu amma da ƙyar yake gusawa. Ka mayar da shi kan na lita 80, sai ya tashi sama ya yi sakayau. Duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun kifa ciki a kan gora ya riga ya san zancen: ƙaramin gora ba ya ɗaukar ƙato.

Me zai sa gudu ya dami mutum, tunda igiyar ruwa ce za ta tura shi? A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Igiyar da ke fashewa a gaɓa iska ce ta tayar da ita, sau da yawa a nisan dubban kilomita, kwanaki kafin ta iso. Ruwan kansa ba ya yin wannan tafiya, yana ɗagawa ne ya sauka kusan a inda yake, ƙarfin ne ke wucewa gaba. Idan ta kusanto tudu, ƙasan teku ya rage mata gudu, sai ta tattaru ta miƙe tsaye, har ta karye a inda zurfin ruwa ya ɗan ɗara tsayinta kaɗan. A ruwa mai zurfin mita 2, tana tafiyar kusan kilomita 16 a awa. Gwanayen ninƙaya na duniya kuwa da kaɗan suke wuce kilomita 8 a awa, shi ma na ɗan gajeren zango. Ke nan ba wanda zai tsere mata. Abin da ake bukata kawai shi ne allon ya riga ya ɗauki ɗan gudu lokacin da ta ɗaga bayansa. Daga nan nauyin mutum ne ke jan sa ƙasa a kan gangaren ruwa, gangaren kuma yana tafiya da shi gaba, don haka ba ya kai ƙarshensa sai igiyar ta mutu. Dogon allo mai yawan lita yana samun wannan gudu da 'yan jan hannu kaɗan. Ƙaramin allo a hannun ɗan koyo kuwa, igiyar sai ta bi ta ƙarƙashinsa ta wuce, ta bar shi yana haki.

Wurin kwanciya ma da tasa ƙa'idar. Ka matsa gaba da yawa, bakin allo ya soke cikin ruwa ya wuntsila ka. Ka ja baya da yawa, gindinsa ya nutse ya zama birki. Shi ya sa darasin farko a kan yashi ake yin sa: kwanta, dafa hannu biyu daidai ƙirji, yunƙura ka tsaya lokaci guda, gwiwa a lanƙwashe, ido a gaba ba a ƙafa ba. Sannan a shiga ruwa iya ƙugu, a fara da farar kumfar igiyar da ta riga ta fashe.

Allon bai fara da wannan sauƙi ba. A tsibiran Hawai, inda wasan ya yi ƙarfi tun kafin zuwan Turawa, sarakuna suna da nasu allon da ake kira olo, na gundumen icce, wanda kan wuce mita 5, nauyinsa kuma ya kai na babban mutum. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai da ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, shi ya yaɗa wasan a Amurka da Ostireliya, duka a kan allon katako zalla. Wani Ba'amurke, Tom Blake, ya rage nauyin ta hanyar ƙera allo mai rami a ciki, sannan a 1935 ya maƙala masa ɗan fiffike a ƙasa ta baya. Kafin wannan, mai son juyawa sai ya tsoma ƙafa a ruwa yana ja, bayan allon kuma yana ta sulɓewa gefe. Wannan ɗan fiffike shi ne ya ba allo alƙibla. A shekarun 1950 aka koma soso mai tauri da ake lulluɓe shi da zaren gilashi da danƙo, nauyi ya faɗi warwas. Har kamfani guda a Kalifoniya, Clark Foam, ya mamaye kasuwar soson a Amurka, ta yadda rufe shi ba zato a watan Disamba na 2005 ya jefa maƙera cikin ruɗani. Tsarin fiffike uku da ake gani a yawancin alluna yau kuwa aikin Simon Anderson ne, ɗan Ostireliya, a farkon shekarun 1980.

Sai maɗaurin da ke haɗa idon sawu da bayan allo. Da can, wanda ya faɗi sai ya bi allonsa da iyo har gaɓa. Wajen 1971 Pat O'Neill ya fito da maɗauri na roba mai talewa sosai. Robar ta yi aiki, har ta wuce gona da iri: allo kan dawo wa mai shi da ƙarfin tsiya, kuma ta haka mahaifinsa, Jack O'Neill, mai kamfanin rigunan ruwa, ya rasa ido guda. Na yanzu ba sa talewa haka, amma darasin yana nan. Babban abin da ke ji wa mai hawa ciwo ba kifi mai cizo ba ne, allonsa ne ko na maƙwabcinsa. Saboda haka ne ake yi wa allon ɗan koyo rufi mai laushi da fukafukan roba, ake kuma gaya masa duk lokacin da ya faɗi ya kare kansa da hannu kafin ya ɗago.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gaɓar Afirka ta Yamma ba baƙuwar wannan wasa ba ce. Fim ɗin The Endless Summer na 1966 ya nuna Amurkawa biyu suna hawan igiya a Senegal da Ghana da Najeriya tamkar su suka kawo abin. Amma masanin tarihi Kevin Dawson ya tono bayanan da suka girmi fim ɗin da ɗaruruwan shekaru. Tun a shekarun 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya ba da labarin yara da alluna a cikin teku a gaɓar Ghana ta yau, kuma a 1834 James Alexander ya ga samari a Accra suna jiran igiya da 'yan alluna a ƙarƙashin ciki, tana kawo su gaɓa. Jikokin masu tuƙa kwalekwale ta cikin wannan ruwa mai fushi ba sa jiran wani ya nuna musu halin igiya. A ganina, yaran Busua da na Tarkwa Bay a Legas gadonsu suka koma wa, sai dai allon ne ya canza.

Yau wasan ya shiga Olamfik, tun gasar Tokyo da aka yi a 2021, kuma a Nazare ta ƙasar Fotugal Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26 da 'yan kai a 2020. Wannan duniyar wasu ce. Abin da ya shafi ɗan koyo ya fi kusa: ruwan da igiya ta zubo gaɓa dole ya koma, kuma yakan koma ne ta wata siririyar hanya mai ja da ƙarfi zuwa cikin teku. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, don igiya ba ta cika fashewa a nan ba. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, kada kuma ya saki allonsa. Ya ja gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga hanyar.

Don haka, mai karatu, idan tafiya ta kai ka Busua ko Legas ko Dakar, sha'awar abin ta kama ka, ka tabbata ka iya iyo tukuna, domin maɗauri yana tsinkewa. Ka tambayi 'yan gari inda ruwa ke ja kafin ka jiƙa ƙafa. In kuma aka miƙo maka ƙaton allon nan mai laushi, ka karɓa hannu biyu.