Yawan Nasara Ba Shi Ke Nuna Gwanin Jifa Ba

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, aka zo bayyana gwarzon masu jifa a gasar besbol ta Amurka, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tasowa. Wani ya zaro lissafi ya ce wane ya yi nasara 20, wane kuma 12, to me ya rage na musu? Na gaji da jin wannan magana, domin lalaci ne, kuma tana tauye haƙƙin mutanen da suka yi gumi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa shi ke wurga ƙwallo, mai bugu na abokan hamayya ya yi ƙoƙarin make ta da kulki don su ci maki. Kyautar gwarzon masu jifa sunanta Cy Young, an fara ba da ita a 1956, kuma tun 1967 mutum biyu ke samu, ɗaya daga kowane rukuni na gasar. Marubuta labarin wasanni 30 ne ke zaɓe a kowane rukuni.

Yanzu a duba yadda ake rubuta wa mai jifa nasara. Wanda ya fara wasa dole ya kammala zango biyar cikin tara, ya fita ƙungiyarsa tana gaba, kuma kada waɗanda suka canje shi su zubar da wannan rinjaye. Cikin sharuɗɗan nan, na farko kaɗai ke hannunsa. Cin maki aikin masu bugu ne. Tun 1973 aka ɗauke wa masu jifa bugu a rukunin American League, a 2022 kuma National League ta bi sahu. To da wane dalili za a auna mutum da aikin da ba a ba shi ba? Kamar a ce mai tsaron gida ya kama duk ƙwallon da aka buga masa sai ɗaya, 'yan gabansa suka kasa cin ko ɗaya, sannan a ce shi ya jawo rashin nasara.

An jima ana wannan kuskure. A 1990 Bob Welch na Oakland ya yi nasara 27, aka miƙa masa kyautar. A shekarar, matsakaicin makin da ake ci daga jifarsa a zango tara ya kai 2.95, alhali na Roger Clemens na Boston 1.93 ne. A 2005 aka maimaita, Bartolo Colón mai nasara 21 da matsakaici 3.48 ya doke Johan Santana mai nasara 16 da 2.87. Masu zaɓe suka ga babban adadi, suka rufe ido.

Sai a 2010 aka farga. Félix Hernández, ɗan Benezuwela mai jefa wa Seattle, ya yi nasara 13 ya sha kashi 12, amma matsakaicinsa 2.27 ne, kuma ya jefa zango kusan 250. Ƙungiyarsa ce ta fi kowacce ƙarancin cin maki a kakar. Aka ba shi kyautar, aka bar CC Sabathia na Yankees da nasarorinsa 21. A 2018 Jacob deGrom na Mets ya lashe ta da nasara 10 kacal da matsakaici 1.70, masu zaɓe 29 cikin 30 suka sa shi a farko. Duk da haka har yau akwai masu cewa an yi son kai. Wallahi abin da ban haushi.



In za ka yi hukunci, fara da matsakaicin makin da ake ci daga jifarsa, wanda ake kira ERA, domin ba ya haɗawa da makin da kuskuren abokan wasansa ya jawo. Sannan ka duba yawan zangon da ya jefa. Wanda ya ɗauki zango 210 ya sauke wa ƙungiyarsa nauyin da mai 150 bai sauke ba, ko da ERA ɗinsu ya yi kusa. Ka ƙirga masu bugu nawa ya fitar da jifarsa kai tsaye, nawa ya bari suka wuce kyauta saboda jifarsa ta kauce, ƙwallo nawa aka make masa har waje. Waɗannan ukun nasa ne na kansa, ba ruwan masu tsaron bayansa. Kada ka manta da fili. Garin Denba yana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na yin nisa, don haka mai jifa a can yana cikin wahalar da na Seattle bai sani ba. Kuma kada ka kawo bajintar wasannin ƙarshe na neman kofi a matsayin hujja, tun kafin a fara su ake rufe zaɓe.

Ba wanda ya hana ka kallon yawan nasara, amma ya zo a ƙarshen lissafi. Kafin ka ce an zalunci gwaninka, duba maki nawa abokansa suka ci masa, ka kwatanta da na wanda aka ba kyautar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nasara ta ƙungiya ce. Kyautar Cy Young kuwa ta mai jifa ce shi kaɗai, don haka da jifarsa za a auna shi.