Gubar dalma: abin da Kankiya da Kusada za su ɗauka daga tarukan Abuja

A ranakun 9 da 10 ga watan Mayu na 2012, likitoci da injiniyoyin muhalli da masana ma'adinai suka hallara a Abuja domin taron ƙasa da ƙasa kan gubar dalma, wanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta jagoranci shiryawa. Ɗaya bayan ɗaya masu bincike suka riƙa tashi suna baje abin da suka auna a ƙauyukan Zamfara: yawan dalmar da ke jinin yara, yawan wadda ke kwance a ƙasar tsakar gida, da yadda adadin ya sauka a wuraren da aka kwashe ƙasar. Ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai ba su halarta ba. A daidai lokacin kuwa, yaran garin Bagega na Zamfara suna ta rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa, domin naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawarin bayarwa ba su fito ba.

Taron ya tashi da matsaya mai ƙafa uku, kamar duwatsun murhu: a yi wa yara magani, a tsabtace muhallinsu, a kuma sauya yadda ake sarrafa dutsen zinare. In aka zare ɗaya, tukunya ta kife.

Mutumin Kankiya ko na Kusada, wanda noma da kiwo da fatauci ne sana'arsa, zai iya cewa wannan labarin mutanen Zamfara ne. Amma dalma ba sai da ramin haƙar zinare take shiga gida ba. Tana cikin batirin mota da na sola, tana cikin wasu nau'o'in kwalli, tana iya ɓuya a tukunyar da aka narka daga tarkacen ƙarafa. Ga shi kuma a Kankiya ne Jihar Katsina take da ɗaya daga cikin makarantunta na horar da ma'aikatan lafiya, wato mutanen da idan irin wannan masifa ta kunno kai su ne za su fara cin karo da ita a asibitin ƙauye.

A Zamfara, agwagi ne suka fara ɓacewa daga ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a farkon 2010, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Daga nan sai yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. A watan Maris wata tawagar MSF da ke bin diddigin sanƙarau ta ci karo da sababbin kaburburan yara masu yawa. An ba marasa lafiya maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Sai da aka gwada jini sannan gaskiya ta bayyana. Binciken gida-gida da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shiga cikinsa ya nuna cewa a ƙauyuka biyu kawai, yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da annobar ta kashe ta kai aƙalla 400.

Musabbabin abin yana cikin gidajen. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, manoma suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a buhu, a farfasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da bakin rijiya. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki sau ba adadi a yini guda.

Jikin ɗan Adam ba shi da wani amfani da dalma, sai dai yana ruɗa ta da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ya karɓe ta hannu bibbiyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, abin ya fi muni in yaron na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Tana zagawa cikin jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, sannan ta lafe cikin ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Idan yarinya ta girma ta sami juna biyu, dalmar da ke ƙashinta tana iya sake fitowa ta isa ga ɗan tayi. Ana auna ta ne da maikrogiram cikin kowace desilita ta jini. Daga 5 ake so a fara neman inda take fitowa, daga 45 kuma ana buƙatar magani. Ƙaramar na'urar gwajin da aka kai ƙauyukan Zamfara iyakarta 65, kuma jinin yara da dama ya wuce abin da take iya karantawa. Wanda ya tsira ma ba lallai ya tsira gaba ɗaya ba: akwai masu makanta, akwai masu shanyewar gaɓoɓi, akwai kuma ɗimbin waɗanda a ido lafiya lau suke amma karatu ya gagare su.

Akwai magani. Sunansa succimer, yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci sun dage cewa ba za a ɗora yaro a kansa ba alhali zai koma kwana a ɗakin da ya sa masa ciwon, domin zai ci gaba da haɗiyar gubar ne kawai. Wannan ne ya sa tsabtace muhalli ya zama sharaɗin magani.

A nan dalma ta bambanta da ɗanyen mai. A ƙasar Ogoni da malalar mai ta gurɓata, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ana iya dogara da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su cinye man sannu a hankali su mayar da shi abin da ba ya cutarwa. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Wuta ba ta kashe ta, ruwan sama ba ya wanke ta, sai dai ya kai ta kududdufi. Hanyar da ta rage ita ce a ɗauke ta daga inda yara suke, a kai ta inda ba za su taɓa ta ba.

Haka aka yi a Zamfara. Kamfanin TerraGraphics, wanda ya goge a aikin tsabtace yankin ma'adinai na Bunker Hill a jihar Idaho ta Amurka, ya haɗa hannu da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta Zamfara. Ana shiga gida da na'urar XRF, wadda ake dafa bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar wurin nan take. A zana taswirar gidan, a fitar da kaya, sannan matasan ƙauyen su kankare saman ƙasar, kimanin santimita biyar, da fartanya da shebur. A zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne. A sake aunawa. In wurin ya yi, a kawo ƙasa mai tsabta da aka gwada a shimfiɗa. Sarakuna da hakimai kuma suka ba da umarnin a fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gidaje. Da Dareta da 'Yargalma aka fara a tsakiyar 2010, sannan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru.

Sakamakon da wani mai bincike, Simba Tirima, da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna girman aikin. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da mita 27,000 na awon tsawo da faɗi da zurfi daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas, akasari da ƙarfin hannu. Dalmar cikin ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Matsakaicin awon jinin yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ita ce ta takwas, kuma ita ce ta fi shan jira. Duk hujjojin da ake buƙata an gabatar da su a taron Abuja, amma watanni suka yi ta shuɗewa yara kusan 1,500 suna zaune ba magani. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a rediyo da jaridu da Twitter, suna kiran a ceci Bagega, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013, aka kwashe ƙasar, likitoci suka shiga.

Ba a jima ba abin ya sake ɓulla. A 2015 yara 28 suka rasu a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, ta hanya iri ɗaya. Da aka zauna taro na biyu a Abuja a watan Yuni na 2018, maganar rigakafi ce ta mamaye zauren. Masu bincike na ƙungiyar OK International, waɗanda suka yi aiki tare da mahaƙa, sun nuna cewa fesa ruwa a lokacin niƙa dutse yana rage ƙurar dalmar da ma'aikaci ke shaƙa da kusan kashi 95 cikin ɗari. An kuma ga cewa wasu gidajen da aka tsabtace sun sake gurɓata, saboda an koma shigo da dutse da kayan aiki. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara, bayan ta gwada yara fiye da 8,000.

To ina hanyar dalma zuwa Kankiya da Kusada? Babbar ƙofarta ita ce batir. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na dalmar da ake amfani da ita a duniya a batir take ƙarewa. Garuruwan da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, daga mararrabar Yashe har Kankiya, ba su rabuwa da garejin makanikai da masu cajin batir, ga kuma sola da ke ta shiga gidaje da shaguna da masallatai. Kowane batir yana da ranar mutuwarsa, daga nan ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Haɗarin yana farawa ne ranar da aka sa gatari aka fasa shi, aka tsiyayar da ruwan a ƙasa, aka narka farantan a buɗaɗɗiyar wuta. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, irin wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008, kuma babu ramin haƙar ma'adinai ko ɗaya a wurin.

Sai kwalli. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu da dalma a jini. Da aka gwada kwallin da ake ranɓaɗa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Binciken da aka yi a Kamaru kuma ya gano cewa tukwanen da ake ƙerawa daga tarkacen ƙarafa suna iya sakin dalma cikin abinci. Akwai kuma ɗan ci-ranin da ya dawo daga wurin haƙar zinare da ƙura a riga da takalmi, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka. Rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya yana da dalma a jini da ta kai maikrogiram 5 ko fiye.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanki a labarin Zamfara shi ne su waye suka yi aikin. Masana ƙalilan ne suka zo da na'ura. Sauran duk 'yan gida ne: leburori daga ƙauyen, ma'aikatan muhalli na jiha da na ƙaramar hukuma, mata ma'aikatan lafiya masu iya shiga gidan kulle su yi magana da uwargida, da masu unguwannin da maganarsu ke buɗe ƙofa. Irin waɗannan ma'aikata ne makarantar Kankiya ke yayewa. Ɗalibin da aka koya wa cewa yaro mai jijjigar da ta ƙi jin maganin zazzaɓi ya kamata a tambayi sana'ar mahaifinsa, ya riƙe abin da sai da aka binne ɗaruruwan yara kafin a gano shi a 2010.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ba su da nisa. Malamin kimiyyar sinadarai da ke neman abin da zai gabatar a taro yana da aiki a gabansa: ya ɗebi ƙasa daga wuraren fasa batir, da kwalli daga kasuwa, da ruwa daga madatsar da masu noman rani ke ban ruwa da ita, ya auna. In ya gama, kada sakamakon ya tsaya a zauren taro da Turanci. A kai shi fadar hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da Hausa, da sunan unguwa da adadin da aka samu, a kuma karanta wa ƙungiyar makanikai da ta 'yan gwangwan, tunda su ne za su sauya yadda suke aiki.

Kafin na'ura ta iso, akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. Kada a fasa batir ko a narka dalma a cikin gida ko kusa da inda yara ke wasa, a sayar da shi ɗungurungum ga mai kai shi masana'anta. Mai aikin batir ko haƙa ya tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya shiga wurin iyali, a kuma wanke kayan daban. A wanke wa yaro hannu kafin cin abinci, a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a yayyafa ruwa kafin shara. A daina sa wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba. Turmi ko injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adinai kuwa, kada a sake zuba masa gero ko dawa.