Yaron da ba ya yarda da tara cikin goma

Bahaushe ya ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Sai dai a kusan kowace firamare a ƙauyukan arewacin Kano, Bacirawa da makwabtanta, malamai sun san wani yaro ko wata yarinya da wannan magana ba ta shiga kunnensu. Shi ne wanda zai ci tara cikin goma a lissafi, 'yan aji suna taya shi murna, shi kuwa ya koma gefe yana share hawaye saboda ɗayan da ya faɗi. Ita ce wadda za ta yage shafi uku na littafin rubutu don harafi ɗaya ya karkace, alhali kuɗin littafin daga kwanon geron da aka kai kasuwa suka fito.

Yawancin iyaye ba sa ganin matsala a nan. Su a wurinsu himma ce, kuma wa zai ƙi ɗa mai himma? Amma himma daban, tsoron kuskure daban. Mai himma idan ya faɗi tambaya yakan so ya san inda ya kauce. Mai tsoron kuskure kuwa yana ganin faɗuwar tambaya ɗaya ta tona masa asiri, ta nuna cewa dama shi ba komai ba ne. Shi ya sa za ka ga yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a aji ya daina ɗaga hannu sai ya tabbata da amsa, ko ya yi ta jan ƙafa a kan aikin gida har lokaci ya ƙure, ko ciwon ciki ya kama shi duk safiyar jarrabawa.

Daga ina wannan tsoro yake tasowa? Wani ɓangare halitta ce, amma wani ɓangaren a gida ake shuka shi. A gidan manomi mai 'yar gona, wanda takin zamani ke cinye rabin abin da damina ta bayar, yaro mai ƙoƙari ba yaro ba ne kawai. Shi ne likitan gida na gobe, tun yana aji uku ake kiransa da haka. Ranar karɓar sakamako tambaya ɗaya ce: na nawa ka zo? Idan gidan akwai 'yan uba, sakamakon ya zama abin gori tsakanin ɗakuna. Idan kuma ɗan fari ne, alkunya ta hana uwa ta nuna masa so a fili, sai ya zamana ranar da ya zo na ɗaya ce kaɗai yake ganin fuskar iyayensa ta washe dominsa. Yarinya kuwa nata ya fi nauyi, don sau da yawa ta san ci gaba da karatunta ya rataya ne a kan kada ta taɓa sauka daga sama.

A 1998, masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada tasirin yabo a kan 'yan aji biyar na firamare. Bayan yaran sun warware wasu tambayoyi, sai aka yabi wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yabe su da cewa sun yi aiki tuƙuru. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma da suka ci karo da tambayoyi masu wuya sai suka fi saurin karaya. Kusan kashi 40 cikin 100 na cikinsu har ƙarya suka yi game da makin da suka samu. Yaron da aka ce masa gwani yana da suna da zai kare, kuma hanya mafi sauƙi ta kare shi ita ce guje wa duk abin da zai iya kayar da shi.

Abin mamaki, maganin wannan yana nan a ƙofar gida, a makarantar allo. Babu karatun da ya kai na Alƙur'ani buƙatar daidaito, wasali ɗaya ba a yafewa. Duk da haka, tsarin tsangaya bai taɓa ɗaukar kuskure a matsayin ƙarshen almajiri ba. Ya rubuta, malam ya duba ya gyara, ya biya har ya zauna, a wanke allo a sake. Ko alaramman da ya haddace izu sittin yakan kai allonsa wajen darasu, a karanta a gaban 'yan uwansa, a kama masa abin da ya kuɓuce. Ba a zama gwani sai an sha gyara. (Bulalar wasu malamai dai ba ta cikin abin da za a ara, ita ma tana haifar da irin wannan tsoro.) Littafin boko da jan biro ba ya wankuwa, sai dai iyaye su wanke shi da bakinsu.

A aikace, wannan na nufin canza tambaya. Maimakon na nawa ka zo, uba ya tambayi abin da ya ba yaron wuya a zangon nan da yadda ya yi da shi, ko da uban bai taɓa shiga aji ba. A yabi zaman da ya yi a kan aiki, a rage kirarin ƙwaƙwalwa. Uba ya ba shi labarin shekarar da ya yi gaggawar shuka da ruwan farko, iri ya ƙone, ya sake. Kuma a bar shi ya yi wani abin da ba a ba da maki a kai kuma bai ƙware ba, ko ƙwallo ko saƙa ko gyaran keke, ya saba da zama ɗan koyo. Ranar da ya zo na uku, a zuba masa tuwo da fuskar da aka zuba masa ranar da ya zo na ɗaya.

Wannan shiri yana da amfani tun kafin yaro ya bar ƙauye. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda gwamnatin Kano ta buɗe a 1977, da jarrabawa ake shigarsu, haka ma makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja. Kusan duk wanda ke ajin shi ne na ɗaya a inda ya fito, kuma dole wani ya zo na talatin. Yaron da bai taɓa ɗanɗana faɗuwa a gida ba, a can zai fara ɗanɗanarta, nesa da uwarsa.

Idan abin ya kai yaro ba ya barci, ya daina cin abinci lokacin jarrabawa, yana dukan kansa ko yana furta cewa gara ya mutu, to ya wuce nasiha. A haɗa addu'a da zuwa asibiti mafi kusa, a nemi a tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.