Ko Ka Sani? Tsutsar da Ke Tsaga Dankali Tun Yana Cikin Ƙasa

A yankin Yola ta ƙaramar hukumar Karaye da ƙauyukan Rogo da ke maƙwabtaka da ita a yammacin jihar Kano, idan aka tone kunyar dankali aka same shi a tsattsage, yawanci ruwan sama ake ɗora wa laifi, kuma sau da dama zargin daidai ne, domin ruwa mai yawa bayan fari yakan kumbura dankali har fatarsa ta dare. Sai dai akwai wani sanadin da ido ba ya kaiwa gare shi, wato wata 'yar tsutsa mai zama cikin ƙasa da masana ke kira nematodi, wadda ake iya kira tsutsar ƙullin saiwa saboda ƙulle-ƙullen da take haddasawa a jikin saiwar shuka. Tsawonta a lokacin da take neman shiga saiwa bai kai rabin milimita ba, sai da na'urar duba ƙananan halittu ake ganinta.

Wani limamin coci Baturen Ingila mai nazarin tsirrai, Miles Joseph Berkeley, shi ne ya fara bayyana ɓarnarta a shekarar 1855 a jikin saiwar kokwamba. A 1887 Emil Göldi ya same ta a gonakin kofi na ƙasar Birazil, ya raɗa wa danginta suna Meloidogyne, sannan a 1949 Benjamin Chitwood na Amurka ya tabbatar da cewa jinsuna ne daban-daban, waɗanda Meloidogyne incognita da Meloidogyne javanica suka fi yaɗuwa cikinsu a ƙasashe masu zafi kamar Najeriya.

Rayuwarta ce abin mamaki. Jaririyar tsutsar tana ƙyanƙyashewa daga ƙwai, ta bi danshin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har ta iske ɗanyen bakin saiwa, ta huda shi da wani tsinke da ke bakinta, ta kutsa zuwa jijiyoyin da ke kai ruwa da abinci cikin shukar. A nan sai ta tofa wani yawu da ke sa 'yan ƙwayoyin halittar saiwar da ke kewaye da kanta su yi girman da ya wuce ƙa'ida, su zama wurin da abincin shukar ke taruwa domin ita kaɗai, kuma daga ranar ba ta sake motsawa daga wurin. Tana nan tana tsotsa har jikinta ya kumbura ya koma siffar gora, fari fat, sannan ta zuba ƙwai ɗaruruwa a cikin wani abu mai yauƙi da ke kare su daga bushewa. Jinsunan ƙasashe masu zafi ba sa bukatar namiji kafin su hayayyafa, kuma idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, mako uku zuwa huɗu sun isa ƙwai ya zama uwa mai yin ƙwai. Tunda dankali yakan yi wata uku zuwa huɗu a gona, ke nan zuriya uku ko huɗu za su iya tashi a kansa kafin a tone shi.

Ƙullin da take yi a saiwar tumatir ko kuɓewa manya ne, ba sa ɓoyuwa, amma a dankali ƙanana ne, shi ya sa ake yawan tsallake su. Abin da ya fi fallasa ta shi ne a yanka dankalin da ya tsage ko ya yi ƙuraje, inda za a ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa kusa da ɓawo, kowanne da farar uwar tsutsa a tsakiyarsa. Wannan daban yake da ɓarnar ƙwaron dankali, wanda ke haƙa hanyoyi cikin tsokar ya bar ta da ɗaci. Haka kuma 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwar gyaɗa da wake masu amfani ne, taki suke tara wa ƙasa, kuma ana gane su da cewa a gefen saiwa suke maƙale, yatsa na iya goge su, alhali ƙullin tsutsa kumburin saiwar ne kanta.

Masana sun raba ƙarfin shuka a kan wannan tsutsa gida biyu. Akwai iri mai haƙuri, wanda tsutsar ke shiga ta hayayyafa yadda take so, shi kuma ya daure ya ba da amfani, akwai kuma iri mai turjiya, wanda ke hana ta haihuwa. A cikin mai turjiya ma jaririyar takan shiga saiwa, amma da ta fara tofa yawunta sai ƙwayoyin halittar da ke kewaye da bakinta su mutu nan take, ta rasa wurin tsotsa, ko dai ta mutu da yunwa ko ta fice. Hanyar gwajin ba ta da wuyar fahimta: a dasa iri a tukunya, a zuba masa adadin ƙwai da aka ƙirga, bayan kimanin wata biyu a wanke saiwar a sake ƙirgawa, idan abin da aka samu bai kai abin da aka zuba ba, irin yana da turjiya. Bambancin nan yana da nauyi ƙwarai ga mai ƙaramar gona, domin iri mai haƙuri yakan faranta masa rai a bana ya bar masa ƙasa cike da ƙwai, tumatir ko barkonon da zai biyo baya su kwashi kashinsu a hannu, shi kuwa mai turjiya rage yawan tsutsar yake yi wa shukar gaba.

Turjiya dai gado ce, kuma gadon dankali mai sarƙaƙiya ne, domin zaren gadonsa, wato kuromosom, guda 90 ne a jeri shida, inda ɗan Adam ke da 46 a jeri biyu, don haka masu kyautata iri kan shafe shekaru kafin su haɗa turjiya da zaƙi da yawan amfani a iri guda. Kuma turjiyar ba ta game dukkan jinsunan tsutsar. Irin Beauregard da aka fitar a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1987 ba shi da kariya daga incognita, irin Covington na Karolina ta Arewa yana da ita, amma da wani jinsi mai suna Meloidogyne enterolobii, wanda aka fara bayyanawa daga tsibirin Hainan na ƙasar Sin a 1983, ya shiga gonakin can, sai shi ma ya gaza. Daga cikin ire-iren da aka samu suna tsayawa gaban jinsunan biyu akwai wani na manoman Gabashin Afirka da ake kira Tanzaniya, wanda aka barbara da Beauregard don gano inda wannan ƙarfi yake a cikin gadonsa. Shi wannan sabon jinsi na enterolobii an riga an same shi a jikin doya a Najeriya, saboda haka ba labarin nesa ba ne.

Abubuwan da tsutsar ke so duk suna nan a ƙasar Karaye da Rogo: jigawa mai rairayi wadda take ratsawa cikin sauƙi, zafi, da kuma danshin noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, wanda ke ba ta saiwar da za ta rayu a kai a watannin da a da fari ke rage ta. Da ƙafarta, in ana iya cewa tana da ƙafa, ba ta wuce taku ɗaya ko biyu a shekara, amma ruwan ban-ruwa da ƙasar da ke manne a fartanya da dashen tumatir suna kai ta gona mai nisa. Tunda ba ta hawa ganye, yaɗon dankalin da aka yanko daga sama, ba saiwa ba ƙasa a jikinsa, yana zuwa sabuwar kunya da tsabtarsa. Juya shuka ma yana rage ta, domin incognita ba ta hayayyafa a gyaɗa, kuma ba ta sakewa a gero da dawa kamar yadda take yi a kuɓewa da yalo.

Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a jihar Abiya ta fitar da ire-iren dankali mai ruwan lemo irin su King J da Mother's Delight saboda sinadarin bitamin A da ke cikinsu, kuma wannan ci gaba ne. Abin da ya dace ya biyo baya shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Bayero da malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, su ɗebi ƙasar Yola da Rogo, su tantance jinsin tsutsar da ke cikinta, sannan su gwada sababbin iri tare da fari da jan dankalin da ke hannun manoma a kanta, domin turjiyar da aka tabbatar a kan wani jinsi a wata ƙasa ba hujja ba ce a kan jinsin da ke cikin kunyar manomin Karaye.