Kanumfari da Ciwon Haƙori: Me Ke Cikin Mansa?

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana wa barci ya san cewa kafin gari ya waye, sai wata dattijuwa a gidan ta ce a nemo masa kanumfari. Sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu, ya ɗan tauna, ya danne a gefen haƙorin da ke zugi. Bayan 'yan mintoci sai dasashi ya yi nauyi, gefen harshe ya mutu, zugin kuma ya lafa. Wannan ba camfi ba ne. Masana kimiyya sun bi diddigin al'amarin, sun tabbatar da cewa iyayenmu suna da gaskiya, amma sun kuma gano inda gaskiyar ta tsaya.

Kanumfari fure ne da aka tsinka tun bai buɗe ba, aka shanya har ya yi baƙi-baƙi, ya ɗauki siffar ƙaramar ƙusa. Asalin itacensa daga tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya. A farkon ƙarni na 19 aka kai shi Zanzibar da Pemba, inda Sarki Sayyid Sa'id ya ƙarfafa nomansa. Sunan da muke kiransa da shi kuwa daga kalmar Larabci ta "ƙaranful" ya samo asali.

Abin da ke aiki a cikinsa wani mai ne mai ƙamshi. Kada mai karatu ya ɗauka irin man gyaɗa ne ko man ja. Waɗannan ba sa bin iska, shi kuwa wannan yana tashi a hankali, shi ya sa hanci ke jin sa tun daga nesa. A cikin kilo ɗaya na busasshen kanumfari akwai kimanin giram 150 zuwa 200 na wannan mai, abin da ba kasafai ake samun irinsa a sauran kayan yaji ba. Yadda ake fitar da shi ba wuya: a bi da tururin ruwa ta cikin dakakken kanumfari, tururin ya kwaso man, sannan a sanyaya shi a cikin bututu har ya koma ruwa. Ɗaliban da suka gwada wannan a ɗakin gwaje-gwaje za su ga abin mamaki. Mun saba ganin mai yana yawo a saman ruwa, amma man kanumfari nutsewa yake yi, domin ya ɗan fi ruwa nauyi.

Kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na man nan sinadari ɗaya ne da ake kira yujinol. Domin a fahimci aikinsa, sai an fara sanin yadda zafi ke isa ƙwaƙwalwa. A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɓargo mai laushi wanda ke ɗauke da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Idan ruɓa ta huda haƙori ta kusanci wannan ɓargo, sai jijiyar ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Saƙon kuwa ɗan ƙaramin lantarki ne, wanda ke samuwa sa'ad da wasu ƙananan ƙofofi a jikin jijiyar suka buɗe, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki. Yujinol yana hana waɗannan ƙofofi buɗewa yadda suka saba. Ciwon yana nan, amma ɗan aike ya kasa isa fada. Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori ita ma ta wannan hanya take aiki, sai dai ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

To, me ya sa kanumfari ke fara yin yaji kafin bakin ya mutu? A shekarar 1997, David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka gano wata ƙofa a jijiyoyinmu wadda zafin wuta da yajin barkono ke buɗewa, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021. Yujinol ma yana taɓa wannan ƙofa. Da farko yakan tsokane ta, shi ne yajin da ake ji, daga baya kuma sai ta gaji ta rage amsawa.

Batun kumburi kuwa dabam yake. Idan wani sashe na jiki ya ji rauni, yakan saki wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, su ne ke sa wurin ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zafi da an taɓa shi. John Vane ne ya nuna a Landan, a 1971, cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera su. An ga yujinol yana rage ƙera waɗannan sinadarai a gwajin ƙwayoyin halitta, an kuma ga yana rage kumburin ƙafar ɓeraye. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma kwalbar gwaji ba jiki ba ce. Masu tallar magani da ke cewa man kanumfari yana warkar da sanyin ƙashi sun yi wa binciken riga malam masallaci.

Inda aka gwada shi a kan mutane, sakamakon ya faranta rai. A 2006 aka buga wani bincike da aka yi a Jami'ar Kuwait a kan mutum 73. An shafa musu haɗin kanumfari, ko maganin kashe zafi na benzoken, ko wani abu da ba magani a cikinsa, sannan aka soka musu allura a dasashi. Kanumfari da benzoken duka sun rage zafin, kuma ba a ga wani bambanci mai yawa tsakaninsu ba. Likitocin haƙori ma tun ƙarni na 19 suke kwaɓa yujinol da garin zink-oksaid su cike kogon haƙori na ɗan lokaci. Ƙamshin nan da ke tarar mutum a ƙofar asibitin haƙori, sau da yawa na kanumfari ne.

Yanzu da ake sayar da man a ƙananan kwalabe, wajibi ne a bambanta ƙwayar da man. Ƙwaya biyu a cikin kunu ko zoɓo ba su da wata illa. Tsantsar man kuwa yana ƙona dasashi har ya yi gyambo idan aka zuba shi kai tsaye. Shansa ya fi haka muni. A 1993 likitoci a Ingila suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 2 da ya sha tsakanin mililita 5 zuwa 10, wato cikin cokalin shayi ɗaya ko biyu. Ya suma, ya yi jijjiga, hantarsa ta taɓu, jininsa ya kasa daskarewa yadda ya kamata, da ƙyar aka ceto ransa. Don haka ba a shafa shi a bakin jariri mai fitar da haƙori, ba a kuma ajiye kwalbar inda hannun yaro zai kai. Babba da ya matsu zai iya gauraya ɗigo ɗaya da rabin cokalin shayi na man zaitun, ya jiƙa 'yar auduga, ya ɗora a kan haƙorin kaɗai. Masu shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita, domin yujinol ma yana rage daskarewar jini.

Haɗarin da ya fi yawa ba daga man yake fitowa ba, daga jinkiri ne. Mutum yakan yi makonni yana danna kanumfari, ruɓar tana ci gaba da cin haƙorin. Wata rana ciwon yakan ɗauke ɗungum, ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara zuwa saiwar haƙori suna tara mugunya. Haƙorin da za a iya cikewa tun farko sai ya zama na cirewa. Idan kuwa kunci ko ƙasan haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko buɗe baki da haɗiye yawu suka fara wuya, to a kai mutum asibiti a ranar, domin irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi.