Na'urar Sanyaya Gini Ta Kan Rufi: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗi

LEGAS — Duk wanda ya hau dogon bene a Ikeja ko Apapa a nan Legas, ko kuwa unguwar Wuse a Abuja, ya leƙa ƙasa, zai hangi waɗansu manyan akwatunan ƙarfe a girke a kan rufin bankuna da manyan kantuna da otal-otal da ɗakunan taro. Waɗannan su ne na'urorin sanyaya gini na kan rufi, watau manyan iyakwandishan da aka haɗa dukan kayan aikinsu cikin akwati guda, suna tura iska mai sanyi cikin gini ta hanyar bututun kwano.

Yanzu da 'yan kasuwarmu da dama suka tashi daga rumfa da ƙaramin shago suka shiga gina rukunin shaguna da ɗakunan biki da asibitoci masu zaman kansu, sayen irin wannan na'ura ya zama babbar shawara ta kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kuɗin sayen na'urar ƙaramin kaso ne na abin da za ta ci a tsawon rayuwarta. Wutar lantarki da man janareto da gyara su ne manyan masu cin kuɗin, kuma yawansu ya danganta ne da yadda aka girka ta tun ranar farko, da irin kulawar da ta samu daga baya.

Yadda take aiki

Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne kwashe zafi daga cikin gini ta zubar da shi waje. Wani sinadari ne, wanda masu gyara ke kira gas, yake zagayawa cikin bututun jan ƙarfe. A sashen da iskar gini ke bi, sinadarin yana tsotse zafi ya rikiɗa daga ruwa zuwa tururi. Daga nan kwamfiresa, wadda ita ce zuciyar na'urar, takan matse tururin ta tura shi sashen waje, inda fanka ke hura masa iska har ya saki zafin ya koma ruwa, sa'an nan ya sake zagayowa.

Ana auna ƙarfin waɗannan na'urori da tan. Tan ɗaya shi ne yawan zafin da ake bukata domin narkar da tan guda na ƙanƙara cikin awa 24, kuma daidai yake da ƙarfin ƙaramar iyakwandishan ɗin da ake kira mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a kasuwanninmu. Ke nan na'ura mai tan 20 tana yin aikin irin waɗannan ƙananan guda 20. Ana samunsu daga mai tan 3 har zuwa wadda ta haura tan 100.

A Amurka, inda aka fi amfani da su, akwatin yakan zo da sashen ɗumama gini saboda hunturunsu mai tsanani. A yawancin sassan Nijeriya wannan sashe ba shi da aikin yi. Sabili da haka mai saye ya nemi samfurin da sanyayawa kawai yake yi, don kada ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa kunnawa ba.

Lissafi kafin saye

Kuskure na farko shi ne sayen na'ura da ka, ko kuwa bisa abin da maƙwabci ya saya. Wajibi ne injiniya mai rajista da hukumar COREN ya lissafa yawan zafin da ginin ke tarawa. A cikin lissafin akan duba faɗin gini da tsayinsa, da irin rufin, da yawan gilashin da ke fuskantar rana, da yawan mutanen da za su taru a lokaci guda, da fitilu da firji da sauran injuna. Ɗakin biki mai ɗaukar mutum 500 da sito mai girma ɗaya da shi ba za su bukaci na'ura iri ɗaya ba.

Idan na'ura ta yi wa gini kaɗan, za ta wuni tana aiki ba hutu, ba kuma za a ji sanyin kirki ba. Idan kuwa ta yi masa yawa, sai ta riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, abin da ke gajiyar da kwamfiresa, kuma ba ta samun lokacin tsane laimar da ke cikin iska. A garuruwa irin su Legas da Fatakwal da Kalaba, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin gini zai yi sanyi amma kaya su yi fumfuna. Ya kamata a tuna cewa na'urar farko ta zamani da Willis Carrier ya tsara a 1902, domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, an yi ta ne don maganin laimar da ke ɓata takardu.

A Arewa kuwa, zafi ne abin dubawa. Galibi akan rubuta ƙarfin na'ura bisa gwajin da aka yi a zafin digiri 35. A Sakkwato da Maiduguri da Yola zafin bazara yakan haura digiri 40, a kan rufi kuma ya fi haka. Duk sa'ad da zafin waje ya ƙaru, ƙarfin na'urar raguwa yake yi. Akwai samfurin da aka ƙera musamman domin ƙasashe masu tsananin zafi, wanda ake gwadawa a digiri 46, shi ya kamata mai gini a irin waɗannan wurare ya tambaya.

Hattara da tokumbo

Araha takan ja hankalin mutane zuwa na'urorin hannu da ake shigowa da su daga waje. To, amma wutar lantarkin Nijeriya tana tafiya ne a kan zagaye 50 cikin daƙiƙa, ta Amurka kuwa a kan 60, kuma ƙarfin wutar ma ya bambanta. Injin da aka ƙera domin 60 idan aka sa shi a 50, gudunsa yakan ragu da kashi ɗaya cikin shida, sanyin ma ya ragu, wani kuma ya ƙone ƙurmus idan ƙarfin wutar bai dace da shi ba. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikin kowace na'ura mai ɗauke da wannan bayani, tilas a karanta shi kafin a yi ciniki.

Batu na biyu shi ne irin gas ɗin da ke cikinta. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke cikinta, ana janye sinadaran da ke lalata rigar ozon ta sararin samaniya. Tsohon gas ɗin nan R-22 yana cikinsu. Jadawalin ƙasashe masu tasowa ya tanadi rage shi da kashi 35 cikin 100 a 2020, da kashi 67.5 a 2025, sa'an nan a daina shi a 2030, ban da ɗan abin da aka bari domin gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040. Amurka ta hana ƙera sababbin na'urori masu R-22 tun 2010. Ma'ana, duk tokumbon Amurka mai wannan gas ta riga ta haura shekara 15, alhali kuwa kimanin shekara 15 ɗin ne aka saba ƙiyasta wa irin wannan na'ura. Wanda ya saye ta ya sayi tsohuwa, mai shan gas ɗin da kullum ƙara wuyar samu yake yi.

R-410A da ya maye gurbinsa ba ya taɓa ozon, amma yana da hannu wajen ɗumamar duniya. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2016 ya tanadi rage irinsa sannu a hankali, kuma ga rukunin ƙasashen da Nijeriya ke ciki ragin farko na kashi 10 zai fara ne a 2029. Shi ya sa kamfanoni ke komawa ga irin su R-32, wanda illarsa ga yanayi ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ta R-410A ba, sai dai yana iya kama wuta kaɗan, don haka yana bukatar ƙwararren hannu. Ba a gauraya waɗannan sinadarai, ba a kuma zuba wani a na'urar wani, domin ƙarfin matsinsu da irin man da kwamfiresarsu ke sha ba ɗaya ba ne.

Ranar girkawa

Na'ura mai tan 20 tana iya kai nauyin tan guda ko fiye. Kafin motar ɗaga kaya ta ɗora ta, dole injiniyan gini ya tabbatar rufin zai ɗauka. Akan kafa mata mazauni na ƙarfe ko na kankare, a daidaita shi sosai, a toshe gefensa yadda ruwan sama ba zai bi ramin bututu ya shiga gini ba. Idan mazaunin ya karkace, ruwan da na'urar ke tatsowa daga iska ba zai bi magudanarsa ba, sai ya taru ya ɓullo ta silin. A bar mata fili ta kowane gefe gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta, domin idan aka matse ta jikin bango, zafin da ta fitar shi za ta sake shaƙa. Bututun iska kuma a liƙe mahaɗarsu, a naɗe su da abin tare zafi, in ba haka ba sanyin da aka biya kuɗinsa a cikin silin zai ƙare.

A ƙasar nan, wuta ita ce babbar abokiyar gabar kwamfiresa. Manyan na'urori suna amfani da wuta mai layi uku, wadda masu aikin lantarki ke kira tiri-fes. Idan layi ɗaya ya ɗauke biyu suka rage, injin yakan yi zafi ya ƙone cikin ɗan lokaci. Idan kuma aka juya layukan, kamar yadda kan faru bayan gyaran tiransifoma ko haɗa sabon janareto, wata irin kwamfiresa takan juya da baya ta lalace. Maganin wannan wata 'yar na'urar tsaro ce da ke yanke wuta da zarar ta ga matsala, tare da agogon jinkiri da ke hana kwamfiresa tashi sai bayan minti uku zuwa biyar da dawowar wuta. Kuɗinsu bai kai komai ba idan aka kwatanta da na sabuwar kwamfiresa. Kazalika, janareton da za a saya sai an yi la'akari da cewa kwamfiresa tana jan wuta ninki biyar ko shida a lokacin tashi.

Sabis da ribarsa

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, fiye da ninki uku na farashin da, kafin daga bisani a ɗan sassauta. Alal misali, na'ura mai tan 20 tana jan kimanin kilowat 24 idan tana aiki da dukan ƙarfinta. Awa goma a haka, bisa farashin na Afrilu, Naira 54,000 ke nan a rana. Duk dattin da ya sa ta ƙara awa guda tana fama, daga aljihun mai gini za a biya.

Aikin sabis kuwa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Matatar iska, wadda aka fi sani da filta, a duba ta kowane wata, a lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris sa'ad da ƙura ke sauka har bakin teku, a duba ta duk mako biyu. A wanke sashen waje da ruwa marar ƙarfi don kada siraran ƙarafansa su lanƙwashe. A garuruwan bakin teku iskar gishiri tana cin waɗannan ƙarafa, saboda haka a nemi masu rufin kariya tun wurin saye. Duk wata uku a duba bel ɗin fanka, a share magudanar ruwa, a ɗaure wayoyin da suka saki, a auna wutar da kowane inji ke ja, a rubuta.

Akwai wata al'ada da ya kamata 'yan kasuwa su daina yarda da ita, wato ƙarin gas duk bayan 'yan watanni. Gas ɗin na'ura ba ya ƙarewa kamar man mota, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai yoyo. Ƙwararren mai gyara zai nemo wurin, ya yi masa walda, ya gwada da iskar naitirojin, ya zuƙe iska da laima da famfo, sa'an nan ya zuba gas bisa sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin na'urar. Ko kusa kada a bari wani ya yi gwajin da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da man kwamfiresa tana haddasa fashewa mai hallaka mutane. Haka nan duk mai hawa rufi ya fara kashe wuta daga makunnin da ke kusa da na'urar, kuma a tanadi tsani mai ƙwari da shinge a bakin rufin.

Abin da za a rubuta a kwangila

Kafin a biya kuɗi, mai gini ya nemi takardar lissafin injiniya, da shaidar SONCAP ta hukumar SON ga kayan da aka shigo da su, da garanti a rubuce mai bayyana shekarun da ya shafi kwamfiresa. Ya tambayi inda ake samun kayan gyara a cikin ƙasa da kwanakin da ake ɗauka kafin su iso. Ya riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an kunna na'urar a gabansa an rubuta awon farko, domin da shi za a riƙa kwatanta lafiyarta a shekaru masu zuwa. Sa'an nan a ƙulla yarjejeniyar sabis ta shekara, mai ɗauke da yawan ziyara da jerin ayyukan kowace ziyara, a kuma ajiye littafi a ofis wanda mai gyara zai sa wa hannu.

Ga ginin da kasuwancinsa ba ya yiwuwa sai da sanyi, kamar ɗakin biki ko kantin magani, ya fi dacewa a raba nauyin a kan na'ura biyu matsakaita maimakon babba guda ɗaya. Ranar da ɗaya ta tsaya, ɗayar za ta riƙe wurin kafin mai gyara ya iso.