Yadda Ake Cire Makunnin Tsohuwar Mota

Idan tumatir ya nuna a Ikara da Kudan, ko rake ya isa sara a Makarfi, a-kori-kura ce abin nema. Wasu daga cikinsu tsofaffin Fijo ne, 404 da 504. Tun 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. Motar da ta daɗe haka dole makunninta ya gaji.

Makunni shi ne wurin da ake sa makulli, a jikin sandar sitiyari. Aiki biyu yake yi. Yana ba mota wuta, yana kuma kulle sitiyari idan an zare makulli. Idan ya lalace za ka ga makulli yana juyawa amma mota ba ta tashi. Wani lokaci mota ta mutu da kanta a kan gargada.

A nan ne direbobi da yawa ke yin kuskure. Sai su ciro wayoyi su haɗa da hannu, su ajiye makulli a aljihu. Wannan ganganci ne. Ƙarfen da ke kulle sitiyari yana nan bai tafi ko'ina ba. Ana cikin tafiya, da an karya kwana sai ya faɗa raminsa, sitiyari ya ƙi motsi. Ka duba mota cike da kwandunan tumatir da mutane a sama, a kan titin Zariya zuwa Kano! Wayar da aka bari tsirara kuma tana iya tada gobara. Gara a cire makunnin a sa wani.

Da farko ka tsayar da mota a wuri mai lebur. Ja birkin hannu, ka sa dutse a taya. Sannan ka kwance kan batir mai alamar ragewa (-). Kada ka taɓa wata waya kafin ka yi wannan.

Kwance robar da ta rufe sandar sitiyari. Notocinta suna ta ƙasa. Za ka ga wayoyi sun fito daga bayan makunni. Kafin ka cire su, ɗaura wa kowace zare mai launi daban, ko ka rubuta launinsu a takarda. Ga amfanin karatu ke nan. Mai waya ya ɗauki hoto.

A Fijo, sa makulli ka juya shi kaɗan, inda sitiyari ya saki amma wuta ba ta kawo ba. Akwai ƙaramin noti a gefe, kwance shi. Akwai kuma ɗan ƙarfe a cikin wani rami. Danna shi da ƙusa, ka jawo makunnin a hankali. Idan ya ƙi, kada ka doke shi. Juyin makullin ne bai yi daidai ba. Gyara ka sake gwadawa.

Tsofaffin motocin Japan, kamar Datsun da Toyota, sun fi wuya. Notocin da suka riƙe makunnin ba su da kai, tun a kamfani ake karya shi saboda ɓarayi. Sai an sa kurfi da guduma ana bugawa kaɗan-kaɗan ta hagu. Wannan kam a bar wa mai rewaya. Haka ma sabuwar mota mai jakar iska a sitiyari, kada ka taɓa ta.

Idan za ka sayo wani a Zariya ko a Panteka ta Kaduna, tafi da tsohon a gwada. Ƙirga wayoyin, ka tabbata makulli yana shiga yana fita. Ka riƙe takardun motarka, domin wanda aka gani yana kwance makunni ana iya yi masa tambaya.

Bayan ka ɗaura sabon, mayar da kan batir. Tada mota tana tsaye. Juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. Idan bai kulle ba, sannan a yi lodi.